Yadda za ka bi da ciwon ciki da gudawar da suka ƙi tafiya bayan an cire maka maɗaciya

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na waɗanda aka yi wa aikin cire maɗaciya ne, an sallame su, ɗinki ya warke, amma har yau cikin bai koma daidai ba. Wani ciwo ne ke taso masa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama irin dai wanda ya kai shi asibiti tun farko, wani kumburin ciki da gyatsa, wani ƙwannafi, wata kuma da ta ci abinci sai banɗaki, har ta kai tana tsoron zuwa biki ko shiga mota daga Kawo zuwa Zariya. Abinda ya fi damuna wallahi shine yawancinsu shiru suke yi, wai ai an riga an yi aiki sai haƙuri. Ba haka bane. Likitoci sun san da wannan matsalar, alƙaluman da aka fi ambata suna nuna kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna fama da wani abu makamancin haka, kuma mafi yawan lokuta akwai dalilin da za a iya nemowa a yi maganinsa. Ni ba likita bace, jinya na yi kuma na yi ta tambaya, toh abinda na fahimta ne zan jero muku daki-daki, da ka zan riƙa magana amma har da ke nake.

Kafin komai ka gane me ya canza a jikinka, don duk sauran bayanin a kansa ya hau. Ba maɗaciya ce ke yin ruwan nan mai ɗaci da ake kira ruwan maɗaciya ba, hanta ce ke yinsa, kullum tana fitar da wajen rabin lita ko ma fiye. Ita maɗaciya 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta da bata ɗaukar abinda ya wuce wajen mililita 50, aikinta ta tara ruwan ta sa ya yi kauri, idan ka ci abu mai maiƙo sai ta matse ta turo shi cikin ƙaramin hanji lokaci guda ya narkar da man. Kamar dai tankin ruwa ne a saman gida, an sauke tankin amma famfo bai daina zuba ba. Yanzu ruwan yana ta tsiyaya cikin hanji kaɗan-kaɗan dare da rana ko ka ci ko baka ci ba, in ka ci maiƙo da yawa a zama ɗaya babu ajiyar da za a turo ta ishe shi, in kuma ruwan ya yi yawa ya wuce zuwa babban hanji sai ya jawo ruwa ya sa gudawa.

Mataki na farko: ka tabbatar ba abin gaggawa bane

Wannan shine wanda bana so kowa ya tsallake. Ka tsaya gaban madubi da rana, a hasken waje ba na ƙwan lantarki ba, ka ja fatar idonka ƙasa ka duba farin idon. In ya koma rawaya, ko fitsarinka ya yi duhu kamar ruwan shayi, ko bayan gida ya koma fari-fari kamar farar ƙasa, ko jiki yana ta ƙaiƙayi ba ƙuraje, toh alama ce ruwan maɗaciya ya toshe a hanya. Yawanci wata tsakuwa ce ta rage a cikin babban bututun da ke sauke ruwan daga hanta zuwa hanji, ko kuma bututun ya tsuke inda ya samu rauni lokacin aiki. In aka haɗa da zazzaɓi mai rawar sanyi da ciwo a gefen dama, wannan ƙwayoyin cuta ne suka shiga bututun kuma yana iya kashe mutum cikin ɗan lokaci, ba a kwana da shi a gida.

A nan ne muke yawan yin asara a Kaduna. Ido ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a tafi wajen mai magani a kawo jiƙo a gora, zazzaɓi kuma a ce maleriya ce ko taifot a je kemis a yi allura. Na ga wata baiwar Allah a layinmu a Tudun Wada da aka yi wa haka, ana ta ɗura mata sassaƙe tana amayarwa, idonta kamar an shafa kurkum, tana soshe-soshe har fatar hannunta ta yi sawu, sai da ta fara sambatu sannan aka ɗauke ta. Tsakuwa ce ta toshe bututu, babu jiƙon da zai fitar da ita. Allah ya yi da sauran kwana. Dan Allah duk wanda aka taɓa yi wa aikin maɗaciya idonsa ya canza kala, asibiti kai tsaye.

Sauran abubuwan da ba a jira da su: ciwo mai tsanani a tsakiyar ciki ta sama da ke sokawa har baya tare da amai da ya ƙi tsayawa, don yana iya zama kumburin pankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, aman jini ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ciki ya kumbura ya yi tauri a kwanakin farko bayan aiki, wanda zai iya zama ruwan maɗaciya ne ke yoyo a ciki, wajen ɗinki ya yi ja yana fitar da mugunya. Sai kuma dattawa da masu hawan jini ko ciwon suga, in ciwon ya zo da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi kar a ɗora wa ciki, zuciya ma tana yin haka. Sashen gaggawa na asibitin Barau Dikko, ko asibitin sojoji na 44, ko Yusuf Ɗantsoho, ko Gwamna Awan a Kakuri, wanda ya fi kusa da kai, ka faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa an cire maka maɗaciya.

Mataki na biyu: ka duba yaushe aka yi aikin

In babu ko ɗaya daga cikin na sama kuma aikin bai daɗe ba, wani abun na lokaci ne. Wanda aka yi wa na huji da kyamara yakan ji ciwon kafaɗa na 'yan kwanaki saboda iskar da ake hura wa ciki, kuma yawanci cikin kamar sati 2 ya koma harkokinsa, wanda aka yanka kuwa sai ya kai sati 6 zuwa 8. Laushin bayan gida da kumburi a makonnin farko ba abin tashin hankali bane, ga mutane da yawa yana lafawa da kansa. In an shiga wata na biyu na uku abin yana nan, ko ya tafi ya dawo bayan shekara, toh ci gaba da karantawa.

Mataki na uku: ka rubuta

Ka samu ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta ko ka buɗe waje a wayarka, sati 2 kana rubuta abinda ka ci da ƙarfe nawa, sannan me ya biyo baya da ƙarfe nawa. Ba dogon bayani ba. Misali: Talata, 8 na safe, ƙosai da koko, 9 saura ciki ya murɗa, banɗaki sau 3, ruwa-ruwa rawaya. Ka rubuta ina ciwon yake, ka sa yatsa a wajen, yana ƙuna ne ko murɗawa ko suka, minti nawa yake yi, yana tashinka daga barci, yana lafawa in ka ci abinci ko in ka yi bayan gida. Mutane suna raina wannan amma shi ne ke raba zance, sabida ciwon da ke ƙuna a ƙahon zuci in yunwa ta kama ka daban, wanda ke zuwa ya riƙe gefen dama minti 30 ko fiye yana hawa kafaɗa daban, gudawar da ke zuwa da gaggawa da safe ko bayan cin maiƙo ita ma daban. Likitan da ke da layin mutane a ƙofa bashi da lokacin tono maka wannan, in ka miƙa masa a rubuce ka taimaki kanka.

Mataki na huɗu: gyaran abinci

Ga inda aikin yake, kuma a nan ne mutane ke kasu biyu, masu ci gaba da ci kamar ba a yi komai ba da masu tsorata su daina cin komai sai kunu har su rame. Duka biyun ba daidai bane. Jiki yana buƙatar mai, abinda ba ya iya ɗauka yanzu shine mai da yawa a lokaci guda.

Ka fara da raba abincin. Maimakon ka zauna da yunwa tun safe sai dare ka cika kwano da tuwo, ka ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini. Sannan na tsawon sati 3 zuwa 4 ka ajiye soye-soye gaba ɗaya: ƙosai, fanke, awara, soyayyar doya da dankali, wainar da ta sha mai, indomi da ƙwai na mai shayi. Ka ajiye man shanu, kitse, fatar kaza, kayan ciki masu maiƙo, balangu, da tsiren da aka tsoma a ƙuli da mai. Wake da shinkafa da ɗanwake ba su ne matsalar ba, man da ake malala musu ne, ka auna da ƙaramin cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Miya kuma uwargida ta rage manja da man gyaɗa sosai, in ta dahu a bar ta ta ɗan huce a kwashe man da ya taso sama kafin a zuba maka. Farfesu ma haka. Kuka da kuɓewa da karkashi sun fi taushe da agushi sauƙi, don su biyun nan gyaɗa da agushin kansu mai ne. Kunun gyaɗa ma ka ɗan dakata da shi, ka koma koko ko kunun tsamiya. Nama a dafa ko a gasa, kaza a cire fata, kifi a yi shi a miya maimakon suya, alale a maimakon ƙosai amma shi ma a rage masa mai.

Masu gudawa su ƙara abubuwan da ke kama ruwa a hanji, ayaba, dankalin Hausa dafaffe, karas, kuɓewa, ots, amma a hankali ake ƙarawa, in ka tashi rana ɗaya ka cika ciki da wake da kabeji da zogale iska ce zata dame ka ka ce abin bai yi ba. Shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba, yaji mai yawa da kayan zaƙi suna ƙara wa wasu gudu, ka duba littafinka ka gani ko kana cikinsu. Fura da nono kuwa ya danganta da mutum, wani kindirmo mai maiƙo ne ke tayar masa, wani madarar ce gaba ɗaya cikinsa baya so tun asali bai lura ba, gwada tsala ka gani. Masu ƙwannafi kar su kwanta sai bayan awa 3 da cin abincin dare, kuma a ɗaga wajen kan gado.

Bayan cikin ya lafa sai ka fara dawo da abubuwa ɗaya bayan ɗaya, abu ɗaya a kwana 3, kaɗan. Yau ƙosai 2 ko 3, ka saurara. In lafiya lau ka san wannan ya wuce, in ya tayar ka ajiye shi zuwa wani watan. Kar ka gwada abu biyu rana ɗaya don ba zaka san mai laifin ba. Mutane da yawa a ƙarshe suna komawa cin kusan komai, gwargwado ne kawai ya canza.

Duk ranar da gudawa ta yi yawa ka haɗa ORS yadda aka rubuta a jikin ledar, yawanci leda ɗaya a lita 1 ne wato fiya wata 2, kana kurɓa, in ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Mataki na biyar: ka koma asibiti, da takardunka

Ba sai ka gama gwajin abinci ba, in ciwon yana da ƙarfi ko kana ramewa ka tafi tun yanzu. Wajen wanda ya yi maka aikin zaka fara komawa, don shi ya ga cikin. Kar kunya ta hana ka, ba ƙara ka kai shi ba. Ka tafi da katinka, takardar sallama, hoton da aka yi kafin aiki, sakamakon gwajin maɗaciyar da aka cire in an baka, littafin nan naka, da duk maganin da kake sha a leda har da na gargajiya. In a wani gari aka yi aikin ko a ƙasar waje ka nemi su turo maka bayanin aikin ko ta WhatsApp ne.

Abinda akan fara da shi gwajin jini ne na hanta, da na ƙidayar jini, wani lokaci da na pankiriyas, sai hoton ciki wanda za a ce ka zo baka ci komai ba wajen awa 6 zuwa 8. Wata dabara da ta kamata ka sani, in ciwon mai zuwa ya tafi ne gwajin hanta ya fi nuna wani abu in an ɗebi jinin lokacin ciwon ko jim kaɗan bayansa, don haka ka roƙi likita ya rubuta maka takardar gwajin ka ajiye. Kuma in mai hoto ya rubuta bututun ya ɗan buɗe kar hankalinka ya tashi, bayan cire maɗaciya yakan ɗan ƙara faɗi, likita ne zai haɗa da sakamakon jini ya faɗi ma'anarsa. In ana zargin tsakuwa a bututu akwai hoton MRCP da ke nuna hanyoyin sosai, sannan akwai ERCP inda ake zura kyamara ta baki har hanji a ciro tsakuwar ko a buɗe inda ya tsuke ba tare da an sake yanka ka ba. Ba kowane asibiti ke yin waɗannan ba, likitanka ne zai tura ka inda ake yi, ka tambayi kuɗin tun da wuri ka fara shiri, in kana da inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, ko ta tarayya ka tambaya me ta ɗauke.

Amma ka shirya jin cewa matsalar ba ta maɗaciya bace sam. Wannan yana faruwa sosai. Mutum yana da olsa ko ƙwannafi tun asali, aka yi hoto aka ga tsakuwa aka ɗora mata laifin duka, an cire maɗaciya olsa tana nan daram. Ƙwayar cutar H. pylori mai kawo gyambon ciki ta yi yawa a ƙasar nan, ana gwada ta a bayan gida ko numfashi, amma ka faɗa wa likita in kana shan maganin olsa irin omefrazol ko antibayotik don suna ɓoye ta a gwaji, yawanci sai an dakatar da omefrazol sati 2, antibayotik kuma sati 4. Ka nemi a duba ciwon hanta nau'in B da C in ba a taɓa dubawa ba. In an ce a yi endoskofi a leƙa tumbi ka yarda, shi ke nuna gyambo ko ruwan maɗaciyar da ke komowa tumbi yana ƙona shi. Akwai kuma wata 'yar tsoka a bakin bututun da ake kira Oddi, a wasu mutane takan ɗaure ta ƙi sakin ruwa ta kawo ciwo sak irin na da, wannan sai ƙwararren likitan ciki da hanta, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Shika. Masu sikila ku ma ku kula, ku ne kuka fi samun tsakuwar nan tun kuna yara saboda yawan fashewar jini, kuma bayan an cire maɗaciyar wata na iya sake fitowa a bututu, kar a riƙa cewa duk ciwon ciki na sikila ne, in rawayar ido ta fi wadda aka saba gani a duba.

Mataki na shida: magani

Gudawar ruwan maɗaciya tana da maganinta, wani gari ne da ake kira kolestiramin, ana damawa a ruwa a sha, yana kama ruwan a cikin hanji ya hana shi tayar da gudawa, kuma wanda ya dace da shi yakan ga canji cikin 'yan kwanaki. Likita ne ke rubutawa. Yana kama sauran magunguna ma ya hana su aiki, don haka duk wani magani ka sha shi awa 1 kafin garin ko awa 4 zuwa 6 bayansa, masu maganin hawan jini da na tsarin iyali su kiyaye wannan sosai. Ba kowane kemis ke da shi ba, manyan famasi zaka tambaya. Imodium yana rage gudu in zaka yi tafiya, amma ba a shansa in da zazzaɓi ko jini a bayan gida. Filajil da ake ta sha duk lokacin da ciki ya ɓaci kuwa babu abinda zai yi wa wannan gudawar, ba ƙwayar cuta bace.

Na ciwo kuma, farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, babba kar ya wuce ƙwaya 8 na miligiram 500 a awa 24, mai matsalar hanta ya tambayi likita tukuna. Diklofenak, aiburofen, Feldene da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda suna cin bangon tumbi, in olsa ce ke damunka ƙara mata kake yi. Kodin da ire-irensa suna iya ɗaure tsokar nan ta Oddi, shi yasa wasu marasa maɗaciya da sun sha sai ciwo mai tsanani ya taso cikin ɗan lokaci, in ya taɓa faruwa da kai ka riƙa faɗa duk inda za a rubuta maka magani. Masu tallar maganin wankin ciki da wankin hanta a mota da lasifika, ka bar musu kayansu, mai gudawa ba ya buƙatar abinda zai ƙara gudar da shi, kuma wasu jiƙe-jiƙen hantar suke wahalarwa.

Sai maganar azumi da Sallah, don nasan za a tambaya. In aikin sabo ne ko gudawar tana zubar maka da ruwa, ka tambayi likitanka kafin watan ya kama, ka kuma tambayi malami, mara lafiya yana da rangwame ya rama daga baya. In an ce zaka iya, kar ka buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali a kan cikin da ya wuni ba komai, ka fara da dabino da ruwa da ɗan kunu, ka yi Magariba, ka ci abinci mara maiƙo kaɗan, ka ƙara wani bayan Tarawihi, sahur ma mara mai, kuma ka sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur. Ranar layya ka ce a ware maka tsoka zalla tun kafin a zuba a kaskon suya, a dafa maka ko a gasa, ka ci yanka kaɗan ka dakata zuwa anjima, kayan ciki da kitse da soyayyen da ya kwana a cikin mai ka bar wa yara da baƙi bana.